Babu Mai Ita

A shekarun farko na Jihar Kebbi, lokacin da ma'aikatan gwamnati ke ta kwaso kayansu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, an yi wani mutum mai suna Kalilu. Haifaffen Birnin Kebbi ne, amma ƙuruciyarsa a Ikko ta ƙare, inda ya yi aikin farar hula a wurin gyaran jiragen sojojin ruwa. A can ya koyi walda, ya koyi ɗaure jirgi da sakinsa, ya kuma haddace dokokin kare ran ma'aikaci har ba ya tuntuɓe a cikinsu. Ko maƙiyinsa ba zai ce bai san aikinsa ba. Ciwonsa ɗaya ne: a idonsa mutane hawa biyu ne. Akwai waɗanda ake miƙewa idan sun shigo, akwai kuma waɗanda ake aike. Na biyun, ko sunayensu ba ya wahalar da kansa ya riƙe.

Da aka ƙirƙiro jihar, wani kamfani ya sami aikin haɗa jirgin fito na ƙarfe domin ƙauyukan da ke wajen Augie, waɗanda duk damina ruwan Gulbin Rima ke raba su da kasuwa da asibiti. Kamfanin ya kafa ma'aikatarsa a bakin gulbi a Argungu, ya ɗauko Kalilu ya danƙa masa shugabancin ma'aikata.

Jirgin yana zaune ne a kan wani amalanken ƙarfe mai tayoyi, amalanken kuma a kan ƙarafa biyu irin na layin dogo da suka gangara har cikin ruwa. Igiyar waya mai kauri ce ke riƙe da shi daga sama, tana naɗe a jikin wani inji mai birki. Idan aka ɗaga hannun birkin, nauyin jirgin kaɗai ya isa ya tafi da shi zuwa gulbi. Mai kula da wannan birki wani dattijo ne, Hodi, tsohon direban babbar mota.

Tun ranar farko Kalilu ya tara ma'aikata ya kafa musu doka. Ƙarƙashin jirgin matsattse ne, mai hular kwano ba ya iya juya kansa a ciki, saboda haka dole mutum ya tuɓe ta kafin ya kutsa.

Ya ce, "Duk wanda za shi shiga ƙarƙashi, shi rataya hular kwanonshi ga hannun birki. Muddin akwai hula rataye, ba a taɓa birkin nan, ko waye yab ba da oda. Kuma ba mai cire hula sai mai ita. A Ikko da idona na ga abin da jirgi ka yi wa mutum. Ba ni son in ƙara gani."

Doka ce mai kyau, kuma kowa ya yaba. Sai dai da kamfanin ya aiko da hulunan kwano, waɗanda sun isa kowa har da saura, Kalilu ya raba wa masu walda da makanikai, wato ma'aikatan dindindin, ya kulle ragowar a sito cikin ledojinsu. Ya ce na baƙi ne, ranar da za a zo bikin sakin jirgi.

Hodi ya same shi a keɓe ya ce, "Oga, leburori hwa? Su aka turawa ƙarƙashi, su ne kuma ba su da abin ratayawa."

Kalilu ya yi dariya ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Baba Hodi, kwano ga kan lebura? Gobe ka ishe matarshi ta jiƙa gero ciki! Kowa shi rataya abin da ke kanshi."

Aka yi dariya, domin shugaba ne ya fara. Daga ranar, lebura idan zai shiga ƙarƙashi sai ya rataya tsohuwar hularsa, ko rawani, ko ƙyallen share gumi.

Cikin leburorin akwai Tamba, wani ƙaƙƙarfan masunci da kan zo aikin lebura idan gulbi ya cika, kamun kifi ya yi wuya. Yawan nutso ya kashe masa kunne ɗaya, sai an tsaya ta damansa an ɗaga murya yake ji. Kowa a ma'aikatar ya san haka. Kowa kuma ya san malfarsa, mai faɗi, mai jan fata a baki, da igiyar wuya da matarsa Baiwa ta kitsa masa. Idan ya rataya ta, makanikai kan yi masa tsiya.

"Tamba, wanga faifai na tankaɗe ne ko na shanya?"

Shi kuma ya ce, "Ku dai ku tsare min ita. Kwanonku in ya faɗi ruwa nutsewa zai yi, tawa ko sai ta kai Yauri."

Kalilu bai taɓa kiransa da suna ba. "Kai, mai malfa," shi ne sunansa a bakin shugaba.

Aka gama jirgi a tsakiyar damina, aka sa ranar biki. Labari ya zo wa Kalilu cewa cikin baƙin akwai babban jami'in da zai zaɓi wanda zai shugabanci harkar fito a faɗin jihar, muƙami mai haɗe da mota da gida a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi. Tun daga lokacin hankalinsa ya bar Argungu, jikinsa kawai ya rage.

Ranar bikin aka wayi gari da ruwan sama, filin ma'aikatar ya zama taɓo. Da ruwan ya ɗauke, Kalilu ya zagaya jirgin karo na ƙarshe cikin kayan aiki, sai ya gano wani layin walda a can ƙasan bayan jirgin da ba a shafe da kwalta ba. Ya ƙwala kira.

"Kai, mai malfa! Ɗauko gwangwanin kwalta ka shige ka shafe min wancan layi. Baƙi sun yi latti, kana da lokaci."

Tamba ya tuɓe malfarsa, ya taka har wurin inji ya rataya ta a hannun birki, ya yi wa Hodi murmushi, sa'an nan ya kwanta rigingine ya ja jiki ya ɓace a ƙarƙashin jirgin. Kalilu ya wuce ofis ya yi wanka, ya zura farar shadda mai sitati da sabon takalmi. Aka shimfiɗa katakai a kan taɓo daga bakin ƙofa zuwa rumfar baƙi, shi kuma bai ƙara sauka daga kansu ba.

Rana ta take, ta fito da irin zafin nan na bayan ruwa. Sai ga jiniya daga hanyar Birnin Kebbi. Makaɗa suka ɗauki kiɗa, maroƙa suka buɗe maƙogwaro, mutanen gari suka cika bakin gulbi. Kalilu ya sa aka buɗe sito aka fito da hulunan nan sababbi, aka bi baƙi ana miƙa musu. Manyan mutane suka riƙa ɗora kwano a kan hulunansu na zanna suna dariya, alhali abu mafi nauyi da zai iya faɗo musu a ka shi ne inuwar rumfa.

Kalilu ya yi gaba don ya duba inji kafin baƙi su iso wurin. A nan idonsa ya faɗa kan malfar. Tana nan rataye, iska na kaɗa igiyarta.

 Ya san ma'anarta, domin shi ya ba ta ma'anar. Ya dubi jirgin. Daga inda yake tsaye ba a ganin ƙarƙashi. Sai mutum ya sauka daga katako, ya taka cikin taɓo, ya durƙusa gwiwa biyu ya leƙa. Ya dubi farar shaddarsa. Ya waiga ya ga babban jami'in ya riga ya taso, yana duba agogo, domin hadari ya sake haɗowa ta gabas. Ya yi tunanin aika wani, sai ya hango yadda abin zai kasance: a tsayar da kiɗa, a jira, sa'an nan lebura ya rarrafo baƙi ƙirin da kwalta a gaban manya, kowa ya gane cewa aikin Kalilu bai kammala ba sai yau da safe.

Sai zuciyarsa ta fara yi masa huɗuba mai daɗi. Ai layin nan ɗan kaɗan ne, tuni ya gama. Ai ya fita ta ɗaya gefen ya tafi wanke jiki. Ai irinsu ba su da kan riƙe abu, ya manta da malfar ne kawai. Kalilu bai gaskata ko ɗaya ba har cikin ransa, amma ya ga kowacce ta fi durƙuso sauƙi.

Ya miƙa hannu ya zare malfar, ya wurga ta kan wani durom a gefe.

Hodi ya zabura. "Oga! Ta Tamba ta."

"Na sani. Ya hita."

"Ni ban ga hitatai ba. Tun ɗazu idona na nan."

"Ta bayan jirgi yah hita. Ka iya ganin bayan jirgi daga nan?"

 Hodi ya ce, "Oga, don girman Allah, ka gane shi da idonka?"

Baƙi sun kusa. Kalilu ya washe baki yana fuskantarsu, ya yi magana ta gefen leɓe. "Na gane shi. Baba Hodi, ka kama girmanka, kada ka kunyata ni gaban mutane."

Baƙi suka kewaye injin. Kalilu ya shiga bayani da murya mai daɗi, yana haɗawa da Turanci. Ya ba su labarin Ikko, ya gaya musu dokar hula, ya dafa hannun birkin da babu komai a kansa ya ce, "Ranka shi daɗe, ka ga ba hula nan. Ma'ana ba kowa ƙarƙashi. A wagga ma'aikata, rai shi ne gaba da komi." Babban jami'in ya jinjina kai ya ce wa na kusa da shi, irin waɗannan jihar ke bukata. Kalilu ya ji kamar an riga an miƙa masa makullin gidan Gesse.

Cikin baƙin akwai mace ɗaya, Injiniya Kezia Isuwa, wadda aka turo daga Birnin Kebbi don ta duba ingancin jirgin. Da ake rabon hulunan kwano an bi maza ne, kafin a zo kanta sun ƙare. Rana ta dame ta, sai ta hangi malfa a kan durom, ta ɗauka.

Ta ce, "Malam Kalilu, wannan ta waye? Ina so in ara."

Kalilu bai ko dube ta sosai ba. Ya ce, "Ɗauki abinki, Madam. Babu mai ita."

Aka yi addu'a, aka yanke ƙyalle. Babban jami'in ya ɗaga hannu. Kiɗa ya ƙara ƙarfi har ƙasa na amsawa. Hodi ya kama hannun birki, amma bai ɗaga ba. Ya dubi Kalilu, kallon mai roƙo. Kalilu ya zare masa ido ya gyaɗa kai. Hodi ya yi bisimilla ya ɗaga.

Igiyar waya ta yi ƙara. Jirgin ya motsa, a hankali, kamar bijimin sa yana miƙewa daga kwance. Jama'a suka ɗauki sowa.

A daidai lokacin Kezia ta ɗora malfar a kan ɗankwalinta, ta jawo igiyar ƙarƙashin haɓarta. Sai ta ji sanyi. Ta cire ta duba: igiyar da fatar cikin duk a jiƙe suke da gumi, har da ɗanyen tabon kwalta na yatsa a bakin. Abin da babu mai shi ba ya gumi. Ta dubi hannun birki, ta dubi fuskar Hodi, ta ga dattijon ba jirgin yake kallo ba, malfar yake kallo.

Ta ture wani babban mutum ta ratsa. "Baba! Daga ina aka cire wannan?"

 Hodi ya faɗa kan birkin da dukan nauyin jikinsa.

Amma jirgin ƙarfe da ya fara gangara ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Birkin ya yi kuka, hayaƙi ya tashi, wayar ta miƙe kamar za ta tsinke, amalanken ya ci gaba da ja kaɗan kaɗan kafin ya cije. Makaɗa suka ga jirgi ya tsaya bai kai ruwa ba, suka sassauta, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan shirun ne kowa ya ji abin da kiɗa ya rufe: muryar mutum daga ƙarƙashin jirgi, tana kiran sunan Allah.

Tamba bai ji jiniya ba, bai ɗauki kiɗa a matsayin gargaɗi ba, domin ya san malfarsa na rataye. Sai da ƙarfe ya motsa a kansa ya yi ƙoƙarin mirginawa. Jikinsa ya tsira, amma tayar amalanken ta hau hannunsa na dama ta zauna.

A wurin babu wanda ya san yadda ake jan jirgi baya ba tare da ya sake zamewa ba, sai mutum ɗaya. Kalilu ya diro daga katako. Takalminsa ya nutse, ya bar shi a nan. Ya ba da umarni a tayar da inji, a kawo katakan tokara, ya durƙusa gwiwa biyu a cikin taɓon nan, ya kwanta, ya ja ciki ya shiga. Durƙuson da ya ƙi yi ɗazu, yanzu ya yi shi a gaban duk Argungu.

A cikin duhun ƙarƙashi ya iske Tamba, fuskarsa ta yi toka, gwangwanin kwalta ya kife a gefensa. Da Tamba ya gane shi, sai ya yi ƙoƙarin ɗaga kai, kamar mai tsoron faɗa.

Ya ce, "Oga... wallahi na rataya. Na rataya, Oga."



Aka ja jirgin baya, aka zaro Tamba, aka sa shi a motar ɗaya daga cikin baƙin. Daga asibitin Argungu aka wuce da shi Birnin Kebbi. Likitoci suka ceci ransa, amma hannun sai da aka yanke shi daga saman gwiwar hannu. Masunci ne, da hannu biyu ake riƙe komar kamun kifi, da hannu biyu ake tuƙa kwalekwale.

Da aka zauna bincike, Kalilu ya so ya laɓe a bayan dokarsa. Ya ce doka hular kwano ta ambata, kuma kowa shaida ne babu hular kwano a kan birki.

Kezia ta ajiye malfar a kan tebur a gabansa. Ta ce, "Gaskiya ne. To ina hular kwanon Tamba?"



Ta ƙara da cewa, "Kamfani ya aiko da ita ko bai aiko ba? A kan wa take a ranar?"

Wasu daga cikin masu binciken suka sunkuyar da kai, domin suna cikin baƙin ranar, a kansu take. Aka kira Hodi, ya maimaita tambayar da ya yi da amsar da aka ba shi, kalma bayan kalma, yana hawaye. Daga ranar dattijon bai sake taɓa birki ba, ko na mota.

Aka kori Kalilu, maganar muƙami ta bi ruwa. Ya nemi aiki a wasu wuraren, amma labari ya riga shi isa, kuma babu leburan da zai yarda ya shiga ƙarƙashin ko da amalanken jaki ne idan Kalilu na tsaye. Mutanen gari suka laƙaba masa suna. Idan ya wuce ta kasuwa, sai ya ji daga bayansa an ce, "Ga Babu-mai-ita nan." Shi da bai riƙe sunan kowa ba, sai aka wayi gari an daina kiran nasa.

Bayan kaka, da ya ji an sallamo Tamba, ya karɓo malfar daga wurin masu bincike ya nufi unguwar masunta. Ya yi sallama a ƙofar gida. Baiwa ta leƙo, ta gane shi, ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Ta juya ta ce, "Malam, ga mai farar riga nan yaz zo."

Tamba yana zaune a zaure, koma a shimfiɗe a cinyarsa. Ya danne ta da ƙafa yana ƙoƙarin ɗinke wata ɓaraka da hannun hagu da haƙori. Kalilu ya durƙusa ta damansa, wajen kunnen da ke ji.

Ya ce, "Tamba."

Tamba ya saki zaren daga bakinsa. "Ashe ka san sunan."

"Na zo neman gafara. Na kuma kawo maka malfarka."

Tamba ya daɗe yana kallon malfar. Jan fatar ya dushe, tabon kwalta na nan, shatin yatsun hannun da babu shi yanzu.

Ya ce, "Gafara, wannan tsakanina da Ubangijina ne, ina nan ina roƙon Shi ba ni ikon yi. Ban kai ba tukuna, ba ni yi maka ƙarya. Amma malfa, ka koma da abinka. Gaban manyan jiha kac ce babu mai ita. Oga bai ƙarya."

Ya sunkuya ya sake kama zaren da haƙori. Kalilu ya gane an sallame shi. Ya tashi ya fita da malfar a hannu. Bai iya sa ta ba, bai kuma iya yar da ita ba.

Darasin wannan labari a fili yake. Kalilu bai jahilci doka ba, shi ya kawo ta. Abin da ya rasa shi ne ganin mutum a matsayin mutum. Dokar kare rai ba ado ba ce da ake nuna wa baƙi, kuma ba ta da amfani idan ta tsaya a kan manya ta tsallake waɗanda ake turawa inda haɗarin yake. Duk wanda aka ba amanar ma'aikata ya sani cewa kayan kariya haƙƙin mai shiga ƙarƙashi ne, ba na mai zama a rumfa ba, kuma "ina jin ya fita" ba daidai yake da "na gan shi" ba. Idan kana shakka, tsayar da kiɗa, ɓata rigarka, durƙusa ka duba. Riga tana wankuwa, baƙo yana iya jira, amma hannun da aka yanke ba ya tsirowa. Kuma kafin ka ce wani abu babu mai shi, ka tuna cewa ko talakan da ba ka san sunansa ba yana da Mai shi, wanda zai tambaye ka.